Dabba da shaidarta, sana'a da tambarinta

Kowane makiyayi ya san amfanin shaida. Idan raƙumi ya ɓace a dajin Abalak, ko saniya ta bi wani garke a bakin rijiya, ba a doguwar gardama. Ana duba wuyan raƙumi ko cinyarsa, a duba kunnen saniya. Shaidar da ke jikin dabba ita ke faɗin gidan da ta fito. Abzinawa suna yi wa raƙumansu lalas da ƙarfe mai zafi, suna kiran wannan shaida ejwal. Fulani kuwa kunne suke tsagawa, suna ce mata jelgol. Kowace zuriya da irin tata, ɗa yana gadon ta ubansa.

Manomi ma ya san wannan dabara. Buhun wake ko na albasa ba ya hawa kamyo sai an yi masa zane da fenti ko da gawayi, don kada ya shiga cikin na wani a tasha.

Amma ga abin mamaki. Mutanen da ba su barin ɗan maraƙi babu shaida, su ne ke kai man gyaɗa, da cuku, da kilishi, da garin zogale kasuwa cikin farar leda ko tsohuwar kwalba, ba suna, ba alama. Sun sha wahalar aiki, kaya sun yi kyau, amma wanda ya saya bai san hannun da ya yi su ba. In ya ji daɗi, bai san inda zai koma ba. Wannan asara ce da ba a gani da ido, kuma ana iya tsai da ita da ɗan abu kaɗan.

Mene ne tambarin sana'a?

Tun zamanin da, tambari ganga ce ta sarauta. In anka buga shi, kowa ya san wanda ke tafe tun ba a gan shi ba. Haka tambarin sana'a yake. Wata ƴar alama ce da mai sana'a ke zaɓa, ya riƙa sa ta a kan kayansa, da allon shagonsa, da takardunsa, kullum iri ɗaya ba canji. Tana iya zama hoto, tana iya zama suna da anka rubuta da wani salo, tana iya zama hoto da suna tare.

Kowa ya saba ganin tambari ko da bai lura ba. Ga tambarin ƙasar Nijar, wanda anka tsayar a shekara ta 1962. Akwai rana a tsakiya. Gefe guda akwai mashi da takubba biyu na Abzinawa, ɗaya gefen zangarniyar hatsi uku, daga ƙasa kuma kan sa. Manomi ya ga kansa a ciki, makiyayi ya ga kansa a ciki, ba tare da an karanta musu kome ba.

Ga kuma kuɗin sefa da ke cikin aljihun kowa. Akwai alamar wani kifi mai baki kamar zarto a jikinsu. Tambarin babban banki ne, BCEAO. An ɗauko shi daga irin ƴan ƙarafan da mutanen Akan, na Gana da Kodebuwa, ke auna zinariya da su a da.

Motar Peugeot kowa ya san ta da zaki. Wannan zaki ya girmi motar kanta. Masu kamfanin sun fara sa shi ne a kan zarto, can ƙasar Faransa, sunka yi masa rajista a shekara ta 1858. Tun daga lokacin an sha gyara zanen, amma ba a taɓa barin zakin ba. Uwargida kuma in ta aiki yaro kanti, cewa take ya sawo Maggi mai tauraro. Yaron bai shiga lakwal ba, amma ba ya kuskure.

A nan amfanin tambari ya fi girma a karkara. Masu saye da yawa ba su karanta boko ba, wasu kuma ba su jin harshen mai kaya. Hoto kuwa Bahaushe ya gane shi, Bazabarme ya gane shi, baƙon da ya zo daga Kwatano ma ya gane shi.

Asarar da ake yi

A ɗauki misalin ƙungiyar mata a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Suna matsar man gyaɗa mai tsabta, ba gauraye. Sun kai shi baje kolin SAFEM a Yamai, ko kuwa kasuwar mako kusa da su. Wata mata ta sayi kwalba biyu, ta ga ya fi wanda ta saba saye. Bayan wata guda mai ya ƙare. Ta duba kwalba, ba abin da ke jiki. Ba sunan gari, ba lambar waya. Dole ta koma ga na kusa da ita. Ciniki ya mutu a rana ɗaya, alhali da zai yi shekaru.

Asara ta biyu ta fi wannan ciwo. Ɗan kasuwa ya zo ƙauye ya saye man a jarka, ya kai birni, ya ɗura a kwalabe, ya liƙa takarda mai sunansa. Mutanen birni sun yaba, sunan ɗan kasuwa ya tashi. Ranar da ya samu mai rahusa a wani gari, sai ya bar matan nan da jarkokinsu. Ba mai tambayarsu, don ba wanda ya taɓa jin labarinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asara ta uku ita ce ta sunan gari. Duk mai tallan kilishi a bakin hanya yana iya cewa nasa na Madawa ne. Duk albasa mai ruwan hoda ana iya kiranta ta Galmi. In matafiyi ya sayi maras kyau da wannan suna, ba mai tallan zai zarga ba, garin zai zarga. Masu aikin gaskiya su ɗauki laifin da ba nasu ba.

Abin da ya faru da albasar Galmi

Galmi gari ne a jihar Tawa, a kan babbar hanya tsakanin Ƙwanni da Madawa. Albasarsa ta yi suna don yajinta da daɗewarta a rumbu. Ana lodinta zuwa Abijan, da Akara, da Kumasi, da Lome, da Kwatano. Kakanni sun yi shekaru suna zaɓen irinta.

A shekara ta 2006 wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya nemi a ba shi takardar mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi. Ya kai buƙatarsa ga OAPI, hukumar da ke rajistar irin waɗannan abubuwa. Da labari ya bazu, manoman albasa da hukumomin Nijar sunka tashi tsaye. A shekara ta 2009 magana ta yi zafi, daga ƙarshe kamfanin ya bar sunan, ya sa wa irinsa wani suna dabam.

Wannan ya zama darasi. A shekara ta 2021 OAPI ta yi rajistar albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasar da ake yin su. Ma'ana, ba kowa ke da izinin sayar da kaya da wannan suna ba, sai wanda ya yi su a yankin da anka iyakance, kuma ya bi ƙa'idodin da anka rubuta. Cuku da fatar jar akuyar Maraɗi su ma an yi musu rajistar alama ta haɗin gwiwa.

In har sunan da ƙasashe da yawa sunka sani ya kusa kuɓucewa, to ina ga sunan ƙaramar koperatif ko na tela guda a unguwa? Ba kowa ke iya zuwa rajista yau ba. Amma kowa na iya fara sa alama tun yau.

Yadda ake gane tambari mai kyau

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika kaya. Mai shago yana son a zana masa rana, da wata, da tuta, da hannu biyu suna gaisawa, da buhu, da mota, duk a wuri ɗaya. In anka gama, ba abin da ido ke riƙewa. Makiyayi ba ya zana garke duka a cinyar raƙumi. Layi biyu ko uku yake yi, kuma ana gane su daga nesa. Tambarin sana'a ma abu ɗaya ya kamata ya faɗa.

Akwai gwaji biyar da kowa ke iya yi ba tare da ya kashe ko dala ba.

Na ɗaya, gwajin ƙasa. A kalli zanen sau ɗaya, a rufe shi, a gwada zana shi da yatsa a kan rairayi. In ya zanu har wani ya gane, to ya yi. In bai zanu ba, kaya sun yi masa yawa.

Na biyu, gwajin nesa. A rataye shi a jikin bango, a ja da baya taki ashirin. Mai saye a kasuwa yana tafiya ne cikin cunkoso, na cikin mota kuma wucewa yake. Ba mai tsayawa ya ƙura ido.

Na uku, gwajin ƙanƙanta. A mai da shi kamar girman kuɗin ƙarfe na dala ashirin. Haka zai fito a kan hatimi, da murfin kwalba, da hoton WhatsApp a wayar salula. Ƙananan layuka da siririn rubutu duk ɓacewa suke a wannan girma.

Na huɗu, gwajin baƙi da fari. A kai shi a yi fotokofi. Tambarin da ba ya fita sai da launi, ranar da babu fenti ya mutu. Ban da haka, rana da ƙura suna cinye launi, amma siffa tana nan.

Na biyar, gwajin tsohuwa da yaro. A nuna wa wanda bai iya karatu ba, kada a yi masa bayani. Washegari a tambaye shi abin da ya gani. In ya ce mai zabuwa, ko mai ƙwarya, ko mai dabino, to kaya sun samu sunan da za a riƙa kiransu da shi a kasuwa. In ya ce wani zane ne dai, a sake.

Daga ina za a ɗauko hoton? Daga sana'ar kanta, ko daga garin mai ita. Mai cuku yana iya ɗaukar ƙahon saniya ko ƙwaryar nono. Mai garin zogale ya ɗauki reshe guda mai ganye. Tela ya ɗauki almakashi ko allura da zare. Maƙeran azurfa na arewa sun riga kowa wannan basira: kurus ɗin Agadas dabam, na Tawa dabam, na Ingal dabam, na Damagaram dabam, kuma masani yana bambanta su da kallo ɗaya. Sai dai kafin a tsai da shawara, a zaga kasuwa a duba. In masu mai uku sun riga sun sa hoton gyaɗa, na huɗu ya nemi wani abu. Amfanin shaida shi ne ta bambanta da ta maƙwabci.

Launi kuma kada ya wuce biyu. Wajen buga leda ko riga, sau da yawa kowane launi aikinsa dabam, kuɗinsa dabam. A zaɓi masu fita a kan juna, kamar baƙi a kan rawaya, ko kore a kan fari. Ja a kan shuɗi wahalar da ido yake.

Abubuwan da ba a sawa

Ba a kwaikwayon tambarin wani. Wasu na ɗaukar alamar babban kamfani su ɗan karkata ta, suna ganin dabara ce. Doka ta hana, ana iya kama kayan, a ci mai su tara. Ko ba a kama ba, wanda ya yi haka sunan wani yake ginawa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba a ɗaukar tutar ƙasa ko tambarin gwamnati a mai da su alamar kanti. Haka jan kurus da jan jinjirin wata na ma'aikatan agaji. Waɗannan an keɓe su, ba a karɓar su wajen rajista.

Ba a rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan leda ko kwali. In kaya sunka ƙare, ledar ƙasa za ta faɗi, a taka ta, iska ta kai ta juji.

Ba a sa wa abinci hoton abin da mutane ke ƙyama ko tsoro, kamar kare, ko alade, ko mujiya. Kuma ba a sa hoton da zai yaudari mai saye. In babu zuma a cikin kaya, kada a zana ƙudan zuma.

Hoton fuskar mai kaya ma bai cika amfani ba. Ba ya fita a hatimi. In kuma ƙungiya ce, ranar da anka canja shugaba sai rigima ta tashi a kan allo.

Zama da mai zane

A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, har da garuruwa irin Tasawa da Ƙwanni, akwai masu rubuta allunan shago da masu yi wa manyan motoci zane. Akwai kuma samari da ƴan mata da sunka koyi zane a kwamfuta. Dukansu masu sana'a ne kamar maƙeri ko baduku. Na farko ya san abin da ke fita a bango da abin da rana ba ta ci da wuri. Na biyu yana iya ba da zanen da za a buga sau dubu iri ɗaya.

Kada a je wa mai zane a ce masa kawai ya yi abu mai kyau. Wanda ya kai yadi wurin tela yana faɗin irin rigar da yake so da wanda zai sa ta. A gaya wa mai zane abubuwa huɗu: irin kayan da ake yi, su wa ke saye, a kan me za a sa alamar, da abin da ake so mai saye ya tuna. A kai masa kayan ya gani da idonsa, in na ci ne ya ɗanɗana.

A nemi ya kawo zane biyu ko uku. A koma da su gida, a yi musu gwajin nan biyar. In ƙungiya ce, a baje su gaban taro, kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma kada a ce sai an sa abin da kowane mutum ke so. Nan ne zane ke cika ya lalace.

A duba rubutu da kyau tun kafin fenti ya hau allo. Masu zane da yawa da Faransanci sunka yi karatu, ba su saba da ƙ, da ɗ, da ɓ, da ƴ ba. Lanƙwasa ɗaya tana canja magana. Kaya dabam, ƙaya dabam. Baki dabam, baƙi dabam. Wanda bai tabbata ba ya kai wa malamin yaƙi da jahilci na garinsu ya duba masa. Inda masu saye sunka fi karanta ajami, a rubuta sunan da boko da ajami. Inda Abzinawa ke da yawa, ana iya ƙara tifinar.

Sai maganar kuɗi. A yi ciniki tun farko, kuma a rubuta. Takardar ta faɗi nawa za a biya, sau nawa za a gyara zanen, da cewa in anka biya, tambari ya zama na mai sana'a, mai zane ba zai sayar wa wani da shi ba. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Kuma a biya mai zane hakkinsa da daɗin rai. Aikin yini biyu ne a ido, amma shekaru za a yi ana cin amfaninsa.

Akwai labarin da ya shahara a kan wannan. Alamar nan mai kama da lauje da ke jikin takalman Nike, wadda yara ke sawa ko'ina, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana ta a Amurka a shekara ta 1971. An biya ta dalar Amurka 35. A lokacin kamfanin ƙarami ne. Da ya girma, a shekara ta 1983, masu shi sunka kira ta sunka ba ta zoben zinariya da hannun jari. Abin lura biyu ne. Alamar layi ɗaya ce tak, yaro na iya zana ta a ƙasa. Kuma masu ita sun riƙe ta fiye da shekara hamsin ba su yar ba.

Bayan an biya, a karɓi asalin zanen. In a takarda ne, a sa shi cikin leda a ajiye inda ake ajiye takardun gona da na haihuwa, nesa da gara da ruwa. In a kwamfuta anka yi, a ce mai zane ya ba da irin wanda ake iya ƙara wa girma ba tare da ya dushe ba, a ajiye shi a waya biyu ko uku. Wayar mutum ɗaya tana iya faɗawa rijiya.

Sa alama ba da kuɗi da yawa ba

Ba sai an je maɗaba'a ba kafin a fara. Mai buhuna yana iya sa maƙeri ya yanke masa siffar tambarin a jikin fallen kwano. A ɗora a kan buhu, a shafa fenti, a ɗaga. Buhu ɗari za su fito iri ɗaya.

Mai kwalba ko leda yana iya sa a sassaƙa masa hatimin roba, ya riƙa bugawa a kan ƴan takardu yana liƙawa. Baduku yana iya sa a ƙera masa ɗan ƙarfe, ya riƙa danna shi a jikin takalmi ko jaka. Maƙeri ya buga tasa alama a ruwan hauya tun yana da zafi. Mai ginin tukwane, irin na Mirya, ta danna tata a gindin tulu kafin a gasa. Tela ya ɗinka ɗan ƙyalle a wuyan riga daga ciki.

Kusa da tambari, a rubuta abin da mai saye ke bukata: sunan kaya, sunan gari, lambar waya, nauyi ko yawan abin da ke ciki, da ranar da anka yi shi in abinci ne. Waɗannan suna iya canjawa. Tambarin ne ba ya canjawa. Wanda ke sake alama kowace shekara kamar makiyayin da ke sake shaida kowace damana ne. Daga ƙarshe ko shi ba zai gane nasa ba.

Maganar rajista

In sana'a ta fara girma, kaya sun fara fita gari, ya kamata a yi tunanin rajista. OAPI tana da mazauni a Yawunde, ƙasar Kamaru. Tana aiki ne da yarjejeniyar da anka sa wa hannu a Bangi a shekara ta 1977. Ƙasashe 17 ke cikinta, har da Nijar, da Benin, da Burkina Faso, da Mali, da Cadi, da Togo, da Kodebuwa, da Senegal. Rajista ɗaya ta isa a cikinsu duka. Ba sai an je Yawunde ba, akwai ofishin hukuma a Yamai da ke karɓar takardu ya aika.

Rajista tana aiki shekara 10, sa'an nan a sabunta. Ana biyan kuɗi, kuma ana faɗin irin kayan da alamar za ta hau. A wannan doka, wanda ya riga kai takarda shi ake ɗauka mai alama. Saboda haka mutum na iya yin shekaru yana aiki da tambari, wani ya riga shi zuwa ofishi. Wanda kuma ya yi rajista ya ajiye alamar shekara 5 bai yi aiki da ita ba, ana iya soke ta.

Sunan kaya shi kaɗai ba ya samun rajista. Ba mai iya mallakar kalmar ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa, don na kowa ne. Sai an haɗa da suna ko zane na musamman.

Masu kai kaya Katsina, da Kano, da Sakkwato su lura da wannan: Najeriya ba ta cikin OAPI, Gana ma haka. Rajistar nan ba ta tsare alama a can. Wanda kasuwarsa ke can sai ya nemi rajistar can dabam.

Kuɗin rajista na iya yi wa mutum ɗaya nauyi. Shi ya sa doka ta yarda da alamar haɗin gwiwa. Koperatif ko ƙungiya ta yi tambari ɗaya, ta rubuta ƙa'idodinta, duk wanda ke ciki kuma ya bi ƙa'ida ya sa shi a kayansa. Abin da ya gagari hannu ɗaya, hannu talatin sun ɗauka.

Tambari alkawari ne

Ga wata gaskiya da ya kamata kowa ya sani tun kafin ya je wurin mai zane. Alama tana nuna mai kayan kirki, tana kuma tona mai algus. Wanda ke zuba ruwa a nono, ko ya sa manyan albasa a bakin buhu ruɓaɓɓu a ƙasa, gara masa farar leda. In ya sa tambari, ya ba mutane hanyar gane shi su guje masa.

A cikin ƙungiya abin ya fi tsanani. Mutum ɗaya ya gauraya man gyaɗa da wani mai, kwalbarsa ɗauke da alamar kowa, to ya ɓata sunan kowa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Don haka duk ƙungiyar da za ta yi tambari, ta fara zama a kan ƙa'ida: wane irin gyaɗa za a matsa, yaya za a wanke kwalba, wa zai duba kaya kafin a liƙa takarda, kuma mene ne hukuncin wanda ya saɓa. A rubuta, a karanta wa kowa, kowa ya yarda.

Zanen da ya fi kowane kyau ba ya gyara cukun da ya yi tsami. Amma in kaya na da kyau yau, gobe ma haka, baɗi ma haka, ɗan zanen nan yana tara amana a hankali, har ya zama dukiyar da ake bar wa ɗiya kamar gona ko garke.

Bayan girbi, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, koperatif da ƙungiyoyin mata da na samari suna yawan zama. Ya kamata a sa wannan magana cikin abin da za a tattauna. A kawo kwalba, da leda, da buhun da ake sayar da kaya a ciki, a ajiye a tsakiyar tabarma. A tambayi juna: in baƙo ya sayi wannan ya tafi da shi Yamai, ta yaya zai komo gare shi? In ba amsa, a ɗauko allo da alli a fara zane.